Tankin Kifi Mai Shuke-shuke: Bin Diddigin Ruwa Daga Hunturu Zuwa Damina

9 ga Fabrairu

Ruwan ya yi fari-fari tun shekaranjiya, har ba a ganin bangon baya sosai. Da asuba kifayen suna taruwa a sama suna buɗe baki, sai hantsi ya ɗaga su sauko. Ganyaye kuma sun fara ɗaukar wata ƙura ruwan ƙasa da ke fita in an goga da yatsa. Daga yau zan riƙa rubuta abin da na auna da abin da na canza, don kai ba ya riƙe lambobi.

Tankin tsawonsa santimita 90 ne, faɗi 40, tsayi 40, wani mai yankan gilashi ya haɗa mini a nan Kano. In an cire gurbin ƙasa da duwatsu, ruwan cikinsa bai wuce lita 120 ba. Na shimfiɗa ƙasar lambu kaurin yatsa biyu, na rufe ta da farar tsakuwa. Shuke-shuke kuwa, a baya akwai Vallisneria mai dogon ganye, a tsakiya Cryptocoryne, sai Anubias barteri ɗaure a jikin itace. Ita Anubias ɗin 'yar gida ce, a bakin ƙoramun dazukan kudu maso gabashin Najeriya da Kamaru take fitowa. Kifi kuwa ƙananan nan ne na ado da ake kira gufi guda goma sha biyu, sai kribensis mace da namiji. Su kribensis ɗin ma asalinsu kudancin Najeriya da Kamaru ne. Ruwa daga burtsatsen gidan da muke haya nake ɗiba. Matatar ƙarama ce mai soso, tana aiki in akwai wuta.

Awon yau: amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abu) 1, naitirait 0.25, pH (ma'aunin tsamin ruwa, 7 ne tsaka-tsaki) 8.2, zafin ruwa digiri 25. Duk lambobin amoniya, naitirait, naitiret, kuloraid, oksijin da iskar kabon da zan kawo miligiram ne a cikin lita ɗaya.

12 ga Fabrairu

Farin nan ba datti ba ne. Bakteriya ce mai cin ruɓaɓɓen abu ta samu abinci daga ƙasar lambu ta hayayyafa a cikin ruwan kansa. Ba ta kashe kifi kai tsaye, amma tana shanye oksijin, da dare kuma shuke-shuken ma sha suke yi, ba sa bayarwa. Dalilin taron asuba ke nan. Ƙurar ganyen kuma wata ƙaramar gansakuka ce da ake kira dayatom, kusan kowane sabon tanki sai ta leƙa shi, ta kan tafi da kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne amoniya 1 a pH 8.2. Kayan gwajin jimilla suke nunawa, alhali amoniya iri biyu ce a ruwa: NH4 mai ƙarancin illa, da NH3 mai ƙone mashaƙar kifi. Wadda za ta rinjaya ya danganta da pH da zafi. A digiri 25, in pH 7 ne, mai dafin ba ta kai kashi 1 cikin ɗari ba. A pH 8 ta haura kashi 5, a 8.5 ta kai wajen kashi 15. Nawa ke nan kusan kashi 8, wato 0.08, alhali masu kiwon kifi ba sa son ta daɗe a sama da 0.02. Lamba ɗaya ce, amma a tankin wani ba komai, a nawa guba.

Na koma wajen mai sayar da kifin. Ya ce, "Yallaɓai, ka zuba shuɗin maganin nan, gobe ruwa zai washe." Na yi masa godiya, ban saya ba. Shuɗin metilin maganin fumfuna ne da wasu cututtukan fata, kuma yana danne bakteriyar matata, ita ce kuwa nake jira ta kafu. Abin da na yi: canjin ruwa kashi 40, abinci sau ɗaya a rana gwargwadon abin da za su cinye cikin minti ɗaya, sannan na ɗaga bakin matata ya riƙa karya saman ruwa.

19 ga Fabrairu

Fari ya tafi. Amoniya ta sauka 0.25, naitirait ya tashi zuwa 2.

Haka tafiyar take. Rukunin bakteriya na farko, irin su Nitrosomonas, su ke mai da amoniya naitirait. Rukuni na biyu su ke mai da naitirait naitiret, kuma su ne masu nawa wajen kafuwa. An daɗe ana cewa Nitrobacter ke wannan aiki na biyu, sai binciken da Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna cewa a tankin ruwan daɗi Nitrospira ce ta fi yawa. Ga mai tanki sunan bai dame shi ba. Abin lura shi ne dukkansu a jikin soso da tsakuwa suke zama, suna buƙatar oksijin mai yawa (sama da miligiram 4 kan kowane miligiram na naitirojin da suka sarrafa), kuma su kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su wadata.

Naitirait yana shiga jinin kifi ta mashaƙa, ya hana jinin ɗaukar oksijin, ya mai da shi ruwan ƙasa. Kifi sai ya yi ta haki ko da ruwan cike yake da iska. A nan gishiri yana da amfani na gaskiya, domin kuloraid da ke cikinsa ta ƙofa ɗaya suke shiga da naitirait, in ya fi yawa sai ya tare hanya. Maƙwabcina mai kiwon tarwada ya ce in zuba tafi guda. Na ce, "Alhaji, ai naku kududdufin ba shuka a ciki." Ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kamar giram 6, ya ba da kuloraid wajen 30 a lita 120, kuma wannan ya isa naitirait 2 ba tare da ya taɓa Cryptocoryne ba.

Alhajin dai ya yi mini babban taimako ta wani gefen: ya haɗa ni da wani mai tsohon tanki, na samo guntun sosonsa, na kawo a cikin leda da ruwansa na cusa a matatata.

26 ga Fabrairu

An ɗauke wuta tun daren jiya har la'asar. Naitirait da ya sauko 0.5 ya koma 1. Soson da ke kulle cikin matata in ruwa bai bi ta cikinsa ba, oksijin ɗinsa ƙarewa yake yi cikin 'yan sa'o'i. Na sayi ƙaramin famfon iska mai aiki da USB, na haɗa shi da fawa bank, na sa matatar soso mai tafiya da kumfa. Duk cikin kayan da na saya, wannan ne mafi araha kuma mafi amfani.

5 ga Maris

Amoniya sifili, naitirait sifili. Alhamdulillahi. Amma naitiret ya tsaya tsakanin 40 da 80 a katin launi, kuma canjin ruwa rabi bai motsa shi ba. Lissafi bai yarda da haka ba: in ka zubar da rabi ka zuba mai tsabta, dole ya ragu da rabi. Na sake gwajin, na girgiza kwalba ta biyu sosai yadda aka rubuta, don hodar cikinta kwanciya take yi a ƙasa. Sakamako ɗaya.

Sai na gwada ruwan burtsatsen kansa, kai tsaye daga famfo. Naitiret wajen 40. Wato ina zubar da 50 ina mayar da 40.

Wannan ya wuce maganar kifi. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha shi ne kada naitiret ya wuce 50, kuma jarirai 'yan ƙasa da wata shida, musamman waɗanda ake haɗa wa madarar gwangwani, su aka fi ji wa tsoro, domin yana yi wa jininsu irin abin da naitirait ke yi wa na kifi. Tafasa ruwa ba ta cire shi, ƙara masa ƙarfi ma take yi tunda ruwan ne ke ƙonewa. A unguwa mai cunkoso, inda sokawe da masai ke kusa da rijiya, naitiret a ruwan ƙasa ba abin mamaki ba ne. Na sami mai gidanmu na ce, "Baba, ruwan nan namu ya kamata ku sa a kai shi ɗakin gwaji, na ga wani abu da bai kwanta mini ba." Ya yi dariya ya ce yau kifi ne ke duba lafiyar mutane, amma ya amince. Kayan gwajin tanki ba su isa a yanke hukunci kan ruwan sha ba, sun dai isa su sa mutum ya tashi tsaye.

Tunda na fara, sai na auna sauran. Ruwan yana fitowa da pH 6.9, in ya kwana a bokiti a buɗe ya koma 7.7, saboda iskar kabon da ya taho da ita daga ƙarƙashin ƙasa ta fice. A ma'aunan taurin ruwa biyu, KH ɗinsa 5, GH 8. Na tanki kuwa KH 10, GH 16, pH 8.2. Ninki biyu. Akwai abin da ke ƙara wa ruwan tauri a cikin tankin.

12 ga Maris

KH shi ne awon kabonet da baikabonet, su ke riƙe pH kada ya faɗi. GH kuma kalsiyom da magniziyom. Digiri ɗaya a kowannensu daidai yake da miligiram 17.9 na farar ƙasa a lita. A tanki mai aiki KH raguwa ya kamata ya riƙa yi a hankali, domin bakteriyar matata cin sa take yi. Nawa hauhawa yake, don haka na bi kayan ciki ɗaya bayan ɗaya da ruwan khal.

Manyan duwatsun ba su ce komai ba, irin dutsen nan ne na giranait da Kano ke zaune a kai. Farar tsakuwar kuwa, ana ɗiga mata khal ta fara tashin kumfa. Tsakuwar tarazo ce, ta mabul, wato kalsiyom kabonet. A busasshen daɓe sai ta shekara hamsin, amma a tanki tana kwance kan ƙasar lambu da ke ruɓewa tana fitar da iskar kabon da tsami, su kuma suna narkar da ita dare da rana. Ga hunturu ya yi ta shan ruwan, ni kuma ina cikawa da na burtsatse. Tururi ruwa kaɗai yake ɗauka, gishirin ma'adanai yana nan yana taruwa.

Yanzu na fahimci abubuwa biyu da nake gani. Na ɗaya, Vallisneria ce kaɗai ke girma, kuma ganyenta na da wani farin ɓawo mai kaushi. Ita tana iya ɓalle kabon daga baikabonet, farar ƙasa kuma ta kwanta mata a ganye. Na biyu, sauran sun tsaya cak. Lissafin da masu tanki ke amfani da shi (3 sau KH sau 10 a ƙarfin 7 ban da pH) ya nuna iskar kabon da ke ruwana ba ta kai 2 ba. Yunwa suke ji.

Na kwashe tsakuwar kashi uku, kwana bibbiyu tsakani, don kada in yaye ƙasar gaba ɗaya. A madadinta yashin kogi mai ɗan girma, wanda na wanke har ruwan ya fita garau, na kuma gwada shi da khal kafin ya shiga.

21 ga Maris

Ruwa ya koma kore shar, kifi sai ya zo jikin gilashi ake ganinsa. Tona ƙasa ya saki amoniya kaɗan, rana kuma ta juyo tana dukan gefen tankin ta taga da yamma. Wannan gansakuka mai ƙwaya ɗaya ce da ke yawo a ruwa, soso ba ya kama ta, canjin ruwa kuma ba ya gama da ita don ninkuwa take yi da sauri. Na kashe fitila, na lulluɓe tankin da bargo mai kauri kwana huɗu, famfon iska yana aiki, ba abinci. Ta mutu. Na canza rabin ruwan don fitar da gawarta, na sa labule a taga, na rage fitila zuwa awa shida.

Cryptocoryne ta narke, ganyenta ya zama yauƙi. Halinta ne in yanayin ruwa ya canza. Ban tumɓuke ta ba, saiwar na da rai.

30 ga Maris

Don rage naitiret ba abin da ya kai shuka mai yawo a sama, domin ita daga iska take samun kabon, ba ta jiran na ruwa. Ba sai an yi odar komai daga waje ba, ga kainuwa nan a kududdufai. Ita ce Pistia stratiotes da masu tanki a Turai ke saye da kuɗi.

Sai dai ba a ɗebo ta a jefa kai tsaye. Saiwarta na ɗauke da matsattsaku, ƙwan katantanwa da tsutsar mazari mai cin 'ya'yan kifi. Katantanwar ruwan kwance ta jinsin Bulinus ita ke ɗaukar ƙwayar tsargiya, kuma ta fata ƙwayar ke shiga mutum. Da safar hannu ta roba na ɗebo, na datse tsofaffin saiwoyi, na jiƙa ta cikin ruwan alam, na ɗauraye, na ajiye ta a baho daban. 'Ya'yan da ta haifa a bahon su kaɗai za su shiga tanki.

Na kuma fara haɗa ruwa. Wani gidan fiya wata da ke tace ruwansa da injin RO, mai cire ma'adanai daga ruwa, ya yarda ya riƙa cika mini jarka. Na gwada: naitiret kusan babu, KH bai kai 1 ba. Ba kowane ruwan leda ne haka ba, wani burtsatse ne kawai aka ƙulle, sai an auna. Irin wannan ruwa shi kaɗai ba ya riƙe pH, kuma gufi ba sa son ruwa mai laushi sosai, don haka rabi da rabi nake yi da na burtsatse.

11 ga Afrilu

Zafi ya sauka. Ruwan ya kai digiri 33 da yamma, gufi biyu sun mutu a mako ɗaya. Amoniya sifili, naitirait sifili, don haka ba guba ba ce. Ruwa mai zafi oksijin kaɗan yake riƙewa: wajen 9 a digiri 20, 8.3 a 25, 7.6 a 30, shi kuma kifi a lokacin ne jikinsa ya fi buƙata. Da a ce tsakuwar nan tana ciki har yanzu, ɗan amoniya kaɗan zai yi ɓarna, don a digiri 30 da pH 8 mai dafin ta kai kashi 7 da rabi.

Ƙanƙara ba dabara ba ce, sanyin take-yanke ne, ya kuma koma. Na cire murfi, na ɗora ƙaramar fanka mai caji tana hura saman ruwa. Yadda randa ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafo, haka wannan, kuma busasshiyar iskar Afrilu ta dace da aikin. Ya sauko 29. Kuɗinsa shi ne ruwa na raguwa lita uku zuwa huɗu kullum, kuma cikon da ruwan RO zalla nake yi. An ba ni shawarar ruwan da ke ɗiga daga AC. Ban karɓa ba, ya bi ta kan ƙarfe da ƙurar ɗaki. Ruwan batir ma na ƙi shi, don ba ni da tabbacin abin da ke cikin kowace kwalba.

Fitila kuma na mayar da ita daga asuba zuwa hantsi, lokacin da ɗaki bai ɗau zafi ba.

24 ga Afrilu

pH 7.5, KH 4, GH 7. Cryptocoryne ta fito da sabbin ganye. Kainuwa ta rufe fiye da rabin sama, saiwarta har tsakiyar ruwa, 'ya'yan gufi suna ɓuya a ciki.

Sai ga sabon baƙo: wani shimfiɗaɗɗen yauƙi kore mai duhu a kan yashi ta gaba, yana ɗagowa kamar fata, da warin ƙasa mai ɗoyi. Wannan ba gansakuka ba ce ta gaskiya, sayanobakteriya ce. Na auna naitiret, sifili. Kainuwa ta lashe shi tas. Irin wannan yauƙi ya fi samun wuri inda naitiret ya ƙare kuma ruwa ba ya motsi, domin wasu nau'o'insa suna iya ɗaukar naitirojin daga iska, shuka kuwa ba ta iyawa. Wata biyu ina yaƙi da naitiret, yau ga ni ina nemansa.

Wasu maganin kashe ƙwayoyin cuta suke zubawa. Ban ga dalilin bai wa bakteriyar gida horon jure magani saboda tanki ba. Na zuƙe yauƙin da siririn tiyo, na ɗiga haidirojin feroksaid mai kashi 3 da sirinji a wuraren da ya rage, matata a kashe na ɗan lokaci, na kwashe kashi biyu cikin uku na kainuwar, na karkatar da kumfar iska ta gaba. Batun taki kuma, buhun NPK na gona ba ya shiga nan, don naitirojin ɗinsa akasari amoniyom ne ko yuriya, ita ma amoniya take komawa. Takina yana cikin famfo. Na ƙara kason ruwan burtsatse zuwa kashi biyu cikin uku a canjin wannan mako, naitiret ya dawo wajen 10.

3 ga Mayu

Yauƙin bai dawo ba sai ɗan tabo a kusurwa. Sabbin ganyen Vallisneria da na kainuwa suna fitowa fari-fari, tsofaffin kuma kore ne. In sabon ganye ne ya koɗe, ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, don shuka ba ta iya janyo shi daga tsohon ganye zuwa sabo. In tsohon ne ya yi rawaya, naitirojin ake zargi. Ƙananan huji a tsohon ganye kuma fotasiyom.

Takin ruwa da na samu ƙarfensa ɗaure yake da sinadarin EDTA, wanda ke sakin ƙarfen in pH ya wuce 6.5, ya zama tsatsa ya kwanta. Mai DTPA ya fi jurewa har wajen 7.5, shi nake nema. Kafin nan ina ɗiga na hannuna kaɗan-kaɗan kullum da asuba kafin fitila ta kama, lokacin da pH ya fi ƙasa.

Sakamakon ɗakin gwaji ya fito, naitiret ɗin burtsatsen yana dab da iyaka. Baba ya ce gidan da ke da jariri su riƙa haɗa madara da wani ruwan, ya kuma kira mai gyara ya duba sokawen baya.

17 ga Mayu

An yi ruwan farko mai ƙarfi. Ban tara ba, wankin kwano ne da ƙurar rani da kashin tsuntsaye. Ko nan gaba ma ba daga indararo zan tara ba, don kwanon rufi na sakin zinki, shi kuwa guba ne ga kifi a ruwa mai laushi. Baho zan ajiye a tsakar gida, nesa da bango, bayan an yi kamar minti goma ana zubawa. Ruwan sama ba shi da KH, don haka gurbin na RO zai maye, ba na burtsatse ba.

Awon yau: amoniya 0, naitirait 0, naitiret 10, pH 7.4, KH 4, GH 7, zafi 28. Cikin kribensis mace ya yi ja, ta haƙa rami a ƙarƙashin itacen Anubias tana korar duk wanda ya matso. Haƙan nata ya kusa kai wa ƙasar lambu, don haka gobe zan kifa mata rabin ƙoƙon kwakwa a can gefe, in ƙara yashi a inda ta tona, in auna amoniya kwana uku a jere.